Abin Da Ke Sa Iyakwandishan Ɗin Mota Ya Riƙa Busa Iska Mai Zafi

Da zarar watan Maris ya kama, hunturu ya yi ban kwana da birnin Kano, sai zafin bazara ya sako jama'a gaba. Kafin watan Afrilu ya raba tsakiya ma'aunin zafi yakan kai digiri 40, wata rana ma ya ɗara, musamman tsakanin azahar da la'asar. A wannan lokaci ne ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Gano ko Gyadi-Gyadi, wanda ya yi wata uku ko huɗu bai taɓa makunnin iyakwandishan ɗin motarsa ba, zai miƙa hannu ya kunna a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakatariyar Audu Bako, sai ya ji wata iska ta bugi fuskarsa kamar an buɗe bakin tanda. Duk wanda ya bi ta titin Zariya, ko titin Kotu, ko titin Maiduguri a waɗannan watanni, zai ga garejin masu gyaran na'urar sanyi cike da motoci, kowace an ɗaga mata bonet, mai ita yana zaune a benci yana fifita da jarida.

Galibi hukuncin da ake yankewa a irin waɗannan wurare ɗaya ne, kuma tun kafin a duba komai ake yanke shi. Mai gyara zai kara hannu a bakin mafitar iska, ya kaɗa kai, ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Shi kuwa mai mota, da yake ya saba da man fetur da ke ƙarewa kullum, ba ya ganin wani abin musu a cikin zancen. Sai a ɗauko tukunya a ɗura, sanyi ya dawo, a biya kuɗi a rabu ana godiya. Bayan mako biyu ko uku kuma sai ga Alhaji ya dawo da kukan da ya zo da shi tun farko.

To, a nan ne asarar take. Gas ɗin na'urar sanyi ba a ƙone shi kamar fetur, ba ya kuma ƙarewa saboda yawan aiki. Yana zagayawa ne cikin bututan da aka rufe ruf, daga wannan sashe zuwa wancan, shekara da shekaru. Ɗan abin da ke sulalewa ta jikin roba kaɗan ne ƙwarai, har mota takan yi shekaru bai nuna ba. Saboda haka motar da aka ɗura wa gas a farkon Afrilu ta daina sanyi kafin ƙarshen watan, lalle akwai inda take yoyo, kuma wanda ya ci gaba da ɗurawa ba tare da ya nemo ɓular ba, ruwa yake zubawa a kwando. Bugu da ƙari, sau da dama ma gas ɗin yana nan daram, laifin na wani ƙaramin abu ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Yadda sanyin yake samuwa

Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya riga ya san asalin hikimar. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin randa yana bushewa ya bi iska, kuma a wajen bushewar yakan tafi da zafin ruwan da ke ciki. Haka gas ɗin mota yake aiki, sai dai shi tun a digiri 26 ƙasa da sifiri yake tafasa, idan ba a matse shi ba. Aikin na'urar duka shi ne ta sa wannan sinadari ya tafasa a cikin mota ya kwashi zafi, sa'an nan ta kai shi waje ya zubar.

Kwamfuresa, wadda ke manne da inji kuma bel ke juya ta, ita ce ke matse gas ɗin har ya yi zafi ƙwarai. Daga nan sai ya shiga kwandensa, wani faifan bututai mai kama da lagireto da ke gabansa daf da hancin mota, inda iskar waje ke hura shi ya huce ya zama ruwa. Ruwan ya bi ta diraya, wadda ke tace datti ta tsotse danshi, ya isa wata 'yar ƙaramar ƙofa mai matsi. Yana kuɓuta daga matsin sai ya fesu cikin ibaforeta, wani ƙaramin faifai da ke ɓoye a bayan dashbod, ya tafasa, faifan ya yi sanyi ƙarara. Fankar cikin mota ce ke tura iska ta ratsa wannan faifai ta fito ga fasinja. Daga nan gas ɗin ya koma kwamfuresa, a sake sabon zagaye. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, sakamakon ɗaya ne a fuskar direba, watau iska mai zafi. Shi ya sa kara hannu a mafitar iska ba ya gaya wa kowa inda cutar take.

Abin da mai mota zai duba da kansa

Kafin a je gareji akwai binciken da mai mota zai yi a ƙofar gidansa cikin minti goma, ba tare da ya kama sifana ba. Da fari ya lura da ƙarfin iskar. Idan fanka tana ƙugi amma iskar da ke fitowa ba ta taka kara ba, to, a fara zargin matatar iskar ɗaki, wadda a yawancin motoci take bayan ɗan akwatin da ke gaban fasinja. Ƙurar da hunturu ke kwasowa daga Sahara tun daga Nuwamba har Fabrairu a nan take taruwa, har matatar ta toshe kamar an yaɓa mata laka. Akwai masu motoci da yawa a Kano da ba su ma san da wannan matata ba, balle su canza ta.

Idan iskar tana da ƙarfi amma ba sanyi, sai ya ɗaga bonet, ya bar inji a sulo, ya sa wani ya danna makunni shi kuma ya kasa kunne. A yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano za a ji ɗan ƙara "ƙas", a ga faifan gaban kwamfuresa ya kama juyawa tare da fuli. Wannan shi ne kuloci mai aiki da maganaɗisu. In bai kama ba, mai yiwuwa fiyus ne ya ƙone, ko rile ya mutu, ko waya ta tsinke, wanda duk aikin riwaya ne na ɗan lokaci. Mai yiwuwa kuma gas ne ya yi ƙasa sosai, domin akwai wani makunni mai auna matsi da ke hana kwamfuresa tashi idan babu isasshen gas, don kada ta ƙone. Sai dai a lura, wasu sababbin motoci kwamfuresarsu ba ta da irin wannan kuloci, kullum a juye take, saboda haka rashin jin ƙaran a wurinsu ba ya nufin komai.

Sa'an nan ya taɓa bututai biyu na alminiyom da ke shiga ɗakin mota, yana mai kiyaye hannunsa da bakin rigarsa daga bel da fanka. Idan na'ura tana lafiya, mai kaurin zai yi sanyi har ya yi raɓa, siririn kuma ya yi ɗumi. In mai kaurin yana da sanyi amma duk da haka iska mai zafi ke fitowa a ciki, to, gas da kwamfuresa ba su da laifi. Akwai wani ɗan murfi a bayan dashbod da ke raba iskar sanyi da ta hita, kuma idan ya maƙale sai ya riƙa gauraya su. Motocin da aka shigo da su daga ƙasashen sanyi duk suna da hita mai ƙarfi, ko da yake mutumin Kano bai cika bukatarta ba in ba da asubahin Janairu ba.

Akwai wata alama da ta fi kowace yawa a wannan yanki, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mota za ta yi sanyi sosai idan ta miƙa a kan titin Zariya ta wuce Unguwa Uku tana gudu, amma da ta shiga cunkoso a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a wajen Dangi, sai sanyin ya ɗauke. Dalili kuwa shi ne, a lokacin gudu iskar hanya ce ke hura kwandensa, a tsaye kuwa sai ta dogara da fankar lantarki da ke gaban inji. Idan fankar ta mutu, ko ta yi rauni, ko kuma ƙura da ledoji da ganye sun toshe haƙoran kwandensa, gas ba zai huce ba, matsi ya hau, makunnin kariya ya kashe kwamfuresa. Maganin wannan shi ne gyaran fanka da wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi, domin ruwan injin wankin mota mai tsananin feshi yakan lanƙwasa haƙoran. Wanda aka ƙara wa gas a irin wannan hali an ƙara masa cuta ne, tun da matsin da ya riga ya yi yawa aka daɗa wa nauyi. Kuma mutuwar wannan fanka ba ƙaramin abu ba ne, domin a motoci da yawa ita ce har wa yau ke sanyaya lagireto, idan aka yi sakaci injin kansa zai tafasa.

Wata motar kuma takan yi sanyi na minti ashirin ko talatin, sai iska ta ragu, in an kashe an jima ta dawo. Wannan yakan faru idan ƙanƙara ta daskare a jikin ibaforeta saboda na'urar da ke auna sanyinta ta lalace, ko kuma danshi ya shiga bututu ya daskare a bakin 'yar ƙofar nan mai matsi.

Neman ɓula

In duk waɗannan sun fita daga zargi, sai a je wurin mai sana'a, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya sayi tukunya kawai. Mai gyara na gari ba ya ɗura komai sai ya jona geji mai fuska biyu, shuɗiya ta ɓangaren ƙaramin matsi da ja ta babban matsi. Idan inji a kashe yake kuma ya huce, a rana mai zafin digiri 40 alluran biyu sukan tsaya wuri ɗaya, wajen 130 a awon psi da ke rubuce a fuskar gejin. Idan an kunna, shuɗiyar takan sauka tsakanin 30 da 55, jar kuma ta hau tsakanin 200 da 320, gwargwadon irin motar da zafin ranar. Duka biyun su yi ƙasa, alamar yoyo ce. Duka biyun su yi sama, ko an cika gas fiye da kima, ko kwandensa ba ta samun iska. In kuwa an kunna amma alluran sun ƙi rabuwa da juna sosai, kwamfuresa ce ta gaji. Idan shuɗiyar ta faɗi har wajen sifiri, wani wuri ne ya toshe. Mai mota yana da haƙƙin ya tsaya ya ga waɗannan allurai da idonsa, ya kuma nemi a yi masa bayani.

Ita ɓula tana barin sawu. Gas yana tafiya ne tare da man da ke shafe kwamfuresa, saboda haka duk inda yake fita sai an ga maiƙo, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi. Wuraren da aka fi kama ta su ne zobban roba na mahaɗar bututai, da bakin da ake ɗura gas, da tiyo inda aka matse shi da ƙarfe, da robar wuyan kwamfuresa, da kuma kwandensa, wadda tsakuwar hanya ke huda ta. Motocin Kwatano da suka yi shekaru a Turai ko Amurka sukan iso da kwandensa da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya riga ya cinye. Ruwan sabulu kaɗai yakan tona yawancin waɗannan, domin wurin zai yi kumfa. Masu kayan aiki kuma suna zuba wani rini da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko su cika bututan da iskar naitirojin su jira su ga ko allura za ta sauka.

Akwai gargaɗi a nan da bai kamata a wuce shi ba. Kada mai mota ya yarda a gwada bututansa da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi tana iya haddasa fashewa. Iskar injin mai faci ma ba ta dace ba, saboda cike take da danshi.

Idan an bincika ko'ina a gaban inji ba a ga komai ba, saura ibaforeta, wadda a motoci da yawa ba a isa gare ta sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Aiki ne na yini guda ko fiye, mai tsada, kuma shi ya sa wasu masu motoci suka gwammace su riƙa ɗura gas duk wata. Amma in mutum ya yi lissafin abin da ya kashe daga Maris zuwa faɗuwar damina, sau da yawa zai ga ya biya kuɗin gyaran ya kuma rasa gyaran. Ban da haka, duk gas ɗin da ya fita yana tafiya da mai, kuma kwamfuresar da ta daɗe tana aiki da ƙarancin mai ƙarshenta ta ci kanta.

Bayan an toshe ɓula, tilas ne a jona injin zuƙe iska ya yi aiki kamar rabin sa'a, domin ya fitar da iska da danshin da suka shiga, a kuma canza diraya idan bututan sun daɗe a buɗe. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, su ɗan saki gas ya kore iskar, alhali kuwa danshin da ya rage yana haɗuwa da mai ya zama tsami mai cin ƙarfe daga ciki. Sa'an nan gas auna shi ake yi da sikeli. Masu ƙera mota sun manna takarda a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas ɗin da nauyinsa, wanda a ƙananan motoci yakan kama daga giram 450 zuwa 700. Mai cewa "Oga, ƙara mini kaɗan don ya yi sanyi sosai" yana roƙon a lalata masa kwamfuresa ne da kuɗinsa.

Gas iri-iri ne

Tun da kamfanin Packard na Amurka ya fara sayar da mota mai na'urar sanyi a 1939, gas ɗin da aka dogara da shi shi ne R-12, wanda aka fi sani da Freon. Shi ne a cikin tsofaffin Peugeot 504 masu iyakwandishan, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. A shekarar 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa irin wannan sinadari yana cinye rufin iskar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Wannan ya kai ga yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ta shiga a 1988, aka kuma sa wa ƙasashe masu tasowa wa'adin daina amfani da shi a farkon 2010. Tsakanin 1992 da 1995 masu ƙera motoci suka koma R-134a, kuma shi ne a cikin mafi yawan motocin da ke Kano. Shi ma daga baya aka ga yana da hannu a ɗumamar yanayi, domin kilo ɗaya nasa yana riƙe zafi daidai da kilo 1,430 na iskar kabon. Saboda haka aka yi gyaran Kigali a 2016, wanda Nijeriya ta amince da shi a 2018, kuma tun daga Janairun 2017 Tarayyar Turai ta hana sa shi a sababbin motoci. Wanda ya maye gurbinsa shi ne R-1234yf, mai tsada ƙwarai, wanda bakin ɗura shi ma dabam ne.

Abin da ya shafi mai mota a Tarauni cikin wannan tarihi shi ne, kowane gas da irin mansa da irin robarsa, ba a gauraya su. Gas ɗin R-22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki matsinsa ya ninka na mota kusan sau ɗaya da rabi, yana iya fasa tiyo. Gas ɗin girki kuwa, ko da yake yana sanyi, ba shi da wurin zama a motar da ba a ƙera don shi ba, tun da ibaforeta tana cikin ɗaki ne daf da gwiwar fasinja, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Akwai kuma jabu, wanda tukunyarsa ke ɗauke da sunan R-134a amma abin da ke ciki dabam. A 2011 irin wannan gas, da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40, ya sa na'urorin kwantenonin sanyi suka fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. Shi R-40 yana cin alminiyom ne ya haifar da wani abu mai kamawa da wuta da zarar ya sha iska, kuma na'urar mota kusan duk alminiyom ce. Gas ɗin da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba abin gudu ne.

Haka nan batun kwamfuresa ta gwanjo, wadda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari. Ana dacewa da mai kyau, amma idan tsohuwar ta mutu ne ta hanyar cin kanta, ta riga ta watsa garin ƙarfe cikin bututai. In ba a wanke su ba, aka kuma bar tsohuwar diraya, to, wannan garin zai kashe wadda aka ɗaura cikin 'yan makonni, a dawo ana zargin ɗan kasuwa. A sababbin motoci hanyoyin cikin kwandensa sirara ne ƙwarai, ba sa wankuwa, sai dai a canza ta. Masu motocin da ke haɗa fetur da batir kuma su sani kwamfuresarsu ta lantarki ce, manta dabam ne, kuma man da ba nata ba yana iya lalata rufin wayoyinta.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ma'aikata da yawa suka rage kunna iyakwandishan, wasu ma suka daina sam sai in za a ɗauki baƙo ko marar lafiya. Gaskiya ne na'urar tana ƙara shan mai, musamman a cunkoso. Amma barinta a kashe wata da watanni shi ma yana da nasa kuɗin, domin man da ke zagayawa da gas shi ne ke jiƙa robar wuyan kwamfuresa, in ya daina isa gare ta sai ta bushe ta fara yoyo. Da yawa daga cikin motocin da ke layi a gareji a watan Afrilu, tun a Disamba ɓularsu ta samo asali, lokacin da sanyi ya sa aka manta da makunnin. Masu ƙera motoci suna ba da shawarar a riƙa kunna ta kamar minti goma duk mako, ko da hunturu ne. Motar da ta wuni a rana a harabar ofis kuma, a fara sauke gilasai a yi ɗan tafiya zafin ya fita, sa'an nan a rufe a danna makunnin da ke sa na'ura ta riƙa juya iskar ciki, domin sanyaya iskar da ta riga ta huce ya fi mata sauƙi a kan jawo ta waje mai digiri 40.